Yaya da Ɗan Japan Ɗinsa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana makwancinsa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shekara tara ya ba ni, kuma tun da na fara magana ban taɓa kiran sunansa ba. Yaya nake ce masa, a nan ma haka zan kira shi.

Kwana uku muka yi a kan tabarmi a ƙofar gidansa da ke Dutse Uku a Jos muna karɓar gaisuwa. Yaya dillalin shanu ne, kuma mai masaukin Fulani, saboda haka taron ya haɗa mutane iri-iri. Mahauta sun zo, direbobin da ke kai shanu kudu sun zo, Fulani sun sauko daga rugage da sandunansu, har da maƙwabcinsa Bayarabe mai gyaran rediyo, wanda ya zauna a gefe hula a hannu yana hawaye. Wani tsohon mahauci ya ce tun yana saurayi yake sayen shanu ta hannun Yaya, bai taɓa yanka saniya ya tarar da ɗa a cikinta ba, domin Yaya zai faɗa maka ko da cinikin zai lalace. Wani direba ya ce lokacin rikici a zauren gidan nan ya kwana huɗu, ba a taɓa tambayarsa addininsa ba, sai dai an tambaye shi yadda ake dafa miyar garinsu.

Amma kusan kowa, in ya gama faɗin alheri, sai ya sassauta murya ya ƙara da abu guda.

"Sai dai a ƙarshe tsufa ya taɓa shi."

"Allah sarki, kan ne ya ɗan juye."

Wani matashi ma da ya zo da abokansa har murmushi ya yi, ya ce, "Baba mai Japan ke nan! Kun tuna ranar da ya ce mutuminsa ne kyaftin?" Aka yi 'yar dariyar tausayi. Ni kuwa ina zaune da carbi a hannu ina cewa amin.

Yaya bai ruɗe ba. Har ranar da ya cika, hankalinsa ya fi nawa. Ni na sa aka ɗauka ya ruɗe, kuma saboda haka ne na ɗauki biro, duk da cewa karatuna bai wuce firamare ba. Masinja na yi a ofishin wani kamfanin kuza har aka rufe shi, a can na tsinci ɗan Turancin da nake karanta jarida da shi. Wanda ya ga kuskure a rubutuna ya yi haƙuri.

Wanda bai san Yaya ba zai ɗauka mai son magana ne. Ba magana yake so ba, tambaya yake so. Tun muna yara haka yake. Ya taɓa bin layin dogo a ƙafa rabin yini don ya ga inda jirgi yake shan ruwa, ya dawo mahaifinmu ya zane shi, yana kuka yana gaya mini yadda tankin yake. In ya haɗu da baƙo a mota, kafin a sauka ya san abin da suke nomawa a garinsu, da yadda suke binne mamaci, da abin da ake ba mai jego. Matarsa, wadda muke kira Hajiya, takan ce in Mala'ikan mutuwa ya zo masa sai ya tsayar da shi ya tambaye shi ta wace hanya ya biyo.

A sana'arsa kuwa magana ɗaya yake maimaitawa: "Duba ƙafa kafin ka duba fuska." Ya ce tozo da ƙaho don mai saye aka yi su, amma ƙafa ba ta iya ƙarya. Ba ya taya bijimi sai an kora masa shi ya ga tafiyarsa. Mun taɓa yin faɗa a kan haka. Wata babbar Salla na je na sayo rago ni kaɗai ban neme shi ba, ina so in nuna ni ma magidanci ne. Ya zo ya tsaya ya dubi ragon, ya ce, "Wannan ka saya ko sadaka aka ba ka?" Na ce kowa da idonsa. Ya ce, "Ƙwarai, amma naka a fuska ya tsaya." Ragon nan kafin jajibere ya kasa tashi. Sati biyu ban je gidansa ba. Ranar Salla da asuba sai ga wani rago a ɗaure a ƙofata, ba saƙo, ba sallama. Har ya mutu bai taɓa tayar da maganar ba.

Yaya bai damu da ƙwallo ba. Ruwan sama ne ya kai shi. Shekarar da aka yi gasar kofin duniya a Japan da Koriya, da safe ake nuna wasannin a nan saboda bambancin lokaci. Wata safiya yana dawowa ta Tina Junction ruwa ya tsuge, irin ruwan Jos mai shiga ƙashi, sai ya faɗa wani gidan kallo don ya fake. Aka matsa masa a benci. Da yamma ya zo gidana a Ali Kazaure, ko zama bai gama yi ba ya fara.

"Kai, ka san mutanen Japan suna buga ƙwallo?"

Na ce, "Kowa ma yana bugawa, Yaya."

"Ni na ɗauka mota da rediyo kawai suka iya. Ashe suna da ƙafa. Akwai wani ɗan gajere a tsakiya. Duk sauran bin ƙwallo suke yi kamar maruƙan da aka kwance da safe. Shi kaɗai ne yake kiwo. Yana baya-baya yana duba inda garke zai nufa, sai ka ga ya riga kowa isa can. Ƙwallo ba ta daɗewa a ƙafarsa, ya taɓa ya bayar, ya taɓa ya bayar. Kuma da aka cire shi, sai da ya zo bakin layi ya juya ya sunkuyar da kai ga filin. Wa yake gaisarwa? Ciyawa?"

Na ce ban sani ba.

"To ka bincika. Kai ne ɗan boko."

Sunan ɗan wasan ya fi ƙarfin bakinmu mu duka biyu, saboda haka ya zama "ɗan Japan ɗina". Yaya ya sa aka yanko masa hotonsa daga jarida, da sunan a ƙasa, ya naɗe a leda ya sa a aljihun gaba.

Bayan gasar wani kulob a Turai ya sayi ɗan wasan. Daga nan kowace Litinin bayan la'asar Yaya zai sayo jaridar wasanni ya kawo mini in karanta masa. Sau da yawa layi biyu ne kawai a can ƙasan shafi, amma layi biyun nan sai su kai mu magariba. Ba sakamako ne ya dame shi ba. Wa yake dafa masa shinkafa a can? Da wane yare yake cewa a ba shi ƙwallo? Uwarsa tana da rai? In sanyi ya yi masa yawa wa yake gaya wa? Da na karanta masa cewa wata uku yana zaune a benci ba a sa shi, sai ya buga cinya ya ce, "An sayi bijimin noma an ɗaure shi a inuwa. Wannan kocin bai taɓa kiwo ba."

Da aka ba da shi aro ga wani ƙaramin kulob, Yaya ya ce, "Aro? Ana aron mutum?"

"Ana yi, Yaya."

"In ya karye a hannun mai aro fa?"

A ranar nan amininsa Bafulatani yana wurin, wanda muke kira Ardo, mutumin da ya fi shekara talatin yana sauka a gidan Yaya duk lokacin da ya kawo shanu kara, kasuwar dabbobi. Ardo ya ce, "Maigida, mu ma muna ba ɗan'uwa aron saniya ya sha nono."

Yaya ya ce, "Wadda kake ji da ita kake bayarwa?"

Ardo ya yi dariya ya ce a'a.

"To ka gani. Sun fara gajiya da shi."

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne kiran ƙasa. In Japan tana da wasa, sai ɗan wasan ya hau jirgi kusan kwana guda, ya buga, ya sake hawa ya koma. Yaya ya ce, "To ƙafar ta wa ce? Ta wanda ya saya ko ta ƙasar da ta haifa?" Na ce ta duka biyun. Ya ce duk dabbar da take da masu ita biyu ba ta ƙiba.

A cikin haka ne idonsa ya fara tafiya. Ciwon suga ne ya ci shi a hankali, hagu tukuna, sannan dama. Amma bai bar kara ba. Ardo ne yake riƙe masa hannu ya kai shi gaban dabba. Yaya zai shafa tozo, ya bi gadon baya da tafin hannu, ya buɗe baki ya ƙirga haƙora da yatsa, ya durƙusa ya matsa gwiwa da kofato, sannan ya ce a kora ta ya saurari takunta a ƙasa. In ya ce a saya, a saya. Mutane sukan taru su yi kallo. Makanta ba ta rage masa daraja ba, ƙara masa ta yi.

Jarida kuwa ni na zama idonsa gaba ɗaya. A nan na ci amana.

Wata Litinin na juya jaridar gaba da baya ban ga sunan ba. Ta gaba ma haka. Ta uku, Yaya yana zaune ya juyo da fuskarsa wajena yana jira, idanun nan farare. Ya ce, "Sun sa shi?"

Na ce, "Sun sa shi, Yaya. Minti ashirin na ƙarshe."

"Ya yi kyau?"

"Sun ce ya yi kyau."

Ya yi murmushi har kunne, ya ce, "Na gaya maka."

Da zan ce tausayi ne kawai ya sa ni, da na ƙara wata ƙarya a kan ta farko. Ranar farko tausayi ne. Bayan nan daɗi na fara ji. Duk rayuwata ni ne ƙarami, ni ne masinja, ni ake aika. Yaya ne ake taruwa a saurara. Yanzu ga shi yana zuwa har gidana, ya zauna ya zuba kunne yana jiran abin da zai fito daga bakina. Sai na fara shiryawa tun ranar Lahadi. Na sa ɗan Japan ya ci ƙwallo. Na sa wani babban kulob a Spain ya saye shi. Na sa ya ci wata da ka a minti na ƙarshe, duk da gajartarsa, Yaya ya ce in sake karanta masa, na sake, ina riƙe da shafin tallan maganin basir. Na yi masa aure. Da na gaji, na karya masa gwiwa wata biyu don in huta, Yaya ya shiga damuwa har yana tambaya ko a can akwai masu ɗori. A ƙarshe, da ya matsa mini da tambayar ko ƙasarsa tana kiransa har yanzu, na ce ai shi ne ma kyaftin ɗin Japan.

Ban taɓa tunanin inda abin zai tsaya ba, sai da shekara huɗu ta cika gasar duniya ta sake zagayowa.

Yaya ya ce sai ya je gidan kallo ranar wasan Japan. Na ce me za ka gani? Ya ce zai ji. Na ce akwai hadari, na ce hayaƙin janareta ba ya yi masa kyau, na ce ƙafata tana ciwo. Ya ce in zauna da ƙafata, babban ɗansa zai kai shi. Dole na bi su. Da rana ne, bayan azahar. Ɗakin ya cika da matasa, akwai 'yan kara da yawa a ciki, yaran mahauta da masu lodin shanu, duk sun san shi. Aka ba shi kujera a gaba. Ni na tsaya a bakin ƙofa.

Da aka fara, ya ce da ƙarfi, "Ina kyaftin? Ku gaya mini in ya taɓa ƙwallo."

Wani ya ce, "Ga shi can a baya, Baba, dogon nan."

"Wane dogo? Gajere ne. Ɗan tsakiya." Ya laluba aljihu ya fito da hoton a ledarsa ya miƙa. Wani matashi ya karɓa ya karanta sunan, ya ce, "Baba, wannan ai an daina jin labarinsa tuntuni. Ko a benci ba ya nan."

Yaya ya ce, "Kai yaro ne. Mutumin da yake wasa a Spain? Wanda ya ci da ka a minti na ƙarshe?"

Aka fashe da dariya. Wani ya ce, "A Spain ta Dutse Uku ko?" Wani ya ce, "Oga, bar Baba ya ji daɗinsa." Yaya bai ji haushi ba, ya ɗauka jahilci ne yake damunsu. Ya shiga lissafa musu duk abin da na gaya masa, ɗaya bayan ɗaya, har da auren da gwiwar, bai manta ko guda ba. Dariya ta fara raguwa, aka fara kallon juna. Sai ya ce, "Ku tambayi ƙanena. Shi yake karanta mini. Yana nan?"

Duk ɗakin ya juyo ya dube ni. Babban ɗansa ma ya dube ni.

Ban ce komai ba. Na ɗaga yatsa na taɓa gefen kaina, na girgiza kai a hankali. Kowa ya gani sai shi. Sannan na ce da murya mai taushi, "Yaya, tashi mu je gida, sanyi ya fara."

Ya tashi ya kama hannuna. A hanya yana cewa, "Yaran yanzu ba sa karanta jarida."

Magana ba ta kwana ba ta isa kara. Ba wanda ya yi masa rashin kunya, da ma an yi da ya fi sauƙi. Ladabi aka ƙara masa. In ya shafa saniya ya ce kada a saya, sai a ce "To, Baba," a jira ya matsa a saya. Babban ɗansa ya fara cewa ya huta a gida, shi zai riƙa zuwa. Fulanin da suke sauka a gidansa suka koma sauka wurin wani, ɗaya bayan ɗaya. Ardo ma ya ɗauke ƙafa, sai dai ya aiko da nono da gaisuwa. A cikin gida, in ana shawarar aure ko rabon gona, sai a yi ta a ɗakin ɗansa, a zo a gaya masa abin da aka yanke. Masu gaishe shi suka koma ɗaga murya suna jan magana kamar da ƙaramin yaro.

Wata rana ya ce mini, "Kai, ido na rasa, ba kunne ba. Me ya sa kowa yake mini ihu?"

Na ce, "Girmamawa ce, Yaya."

"Ardo fa? Na yi masa wani laifi ne?"

Na ce kiwo ne ya yi nisa.

Game da ɗan Japan kuwa na ce masa jaridu sun daina kawo labarinsa. Wannan ce gaskiya ta farko da na faɗa masa a kan mutumin cikin shekara biyu.

Bara da ya kwanta ciwo, ƙafafunsa suka kumbura, na ga alamar ba lallai ya tashi ba. Wata safiya Hajiya ta fita unguwa, muna mu biyu a ɗaki, na ce, "Yaya, akwai abin da zan gaya maka." Na gaya masa tun daga minti ashirin ɗin farko har zuwa kyaftin. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya.

Can ya ce, "Har da wadda ya ci da ka?"

"Har da ita."

"Da auren?"

"Da auren."

"Gwiwar fa? Na yi masa addu'a a kan gwiwar nan."

"Lafiyarta ƙalau, iyakar sanina."

Sai ya kama dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ashe kana da kai haka, ka ƙare a masinja." Sannan fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Amma ka cuce ni. Ba ƙaryar ce ta dame ni ba. Mutum yana can yana rayuwarsa, wani abu yana faruwa da shi, ni kuma ina nan ina bin wanda babu shi. To ina yake?"

Na ce ban sani ba.

"To ka tashi."

Na karɓi hoton na tafi wani shagon intanet a cikin gari, wurin da ban taɓa shiga ba. Wata Bayarabiya ce take kula da shi. Na miƙa mata hoton na ce wannan mutumin nake nema. Ta dube ni ta ce, "Baba, ɗanka ne?" Na ce na yayana ne. Ta yi ta danne-danne a kwamfuta, sannan ta ce, "Oga, wannan ya koma gida tun-tuni. Turai sun sallame shi. Shi yana wasa for small club yanzu." Ta karanta mini a hankali, inda ban gane ba ta juya mini da Hausarta. Bayan aron nan kulob ɗin Turai bai sake karɓarsa ba. Ya koma Japan, kulob ɗin da ya fara wasa tun yana matashi. Kulob ɗin ya faɗa rukuni na biyu, bai bar su ba. Ƙasarsa ba ta sake kiransa ba ko sau ɗaya. Yanzu an mayar da shi baya kaɗan, saboda gudu ya ragu. Ta buga mini sabon hotonsa a takarda.

Na koma na zayyana wa Yaya, ina ganin labarin ya yi ƙanƙanta in aka gwada shi da wanda na ƙirƙira. Sai na ga ya gyara zama.

"Ya koma garken da ya taso," in ji shi. "Kuma da suka faɗi bai gudu ba. Mutanen garin sun karɓe shi?"

"Ba a rubuta ba."

"Yana sunkuya wa fili har yanzu?"

"Ba a rubuta ba, Yaya."

"Hoton fa? Ya yi ƙiba? Yaya ƙafar take?"

Na ce hoton a ƙirji ya tsaya.

Ya ce, "Kai dai har yau ba ka iya saye ba."

Yini guda yana jujjuya labarin. Yadda mutum zai tashi daga filin da duniya take kallonsa ya koma inda 'yan garinsu kawai suke zuwa. Ko uwarsa ta ji daɗi. Ko in ya ga gasar duniya a talabijin yana kashewa ko yana kallo. Ya ce wannan ya fi nawa daɗi, domin nawa kullum ci yake yi, kuma ba a taɓa yin ɗan Adam haka ba.

Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Na yafe maka. Amma yanzu na gane abin da ya sa ake mini ihu. Sun ɗauka ni na ƙirƙira. Ka gaya musu. Ka gaya wa ɗana, ka gaya wa Ardo."

Na ce, "Ranar Juma'a, in an taru bayan masallaci."

Juma'a ta zo na ga mutane sun yi yawa. Ta gaba na ga sun yi kaɗan. Ya tambaye ni sau biyu, na ce ina neman lokacin da ya dace. Bai sake tambaya ba. Wata bakwai ya ƙara a duniya. Kuma a duk zaman da muka yi, maganar yatsar da na ɗaga a gidan kallo ban taɓa gaya masa ba. Ya tafi yana zaton shiru kawai na yi ranar.

Ranar addu'ar bakwai, bayan an shafa fatiha mutane suna neman takalmansu, na miƙe na ce a dakata. Na faɗi duk abin da na rubuta a nan, har da yatsar. Matashin nan mai cewa "Baba mai Japan" ya sunkuyar da kai. Babban ɗan Yaya ya dube ni ya ce, "Baffa, ni na hana shi zuwa kara. Da hannuna na karɓe masa sandarsa na ajiye." Ya tashi ya shige gida. Har yau bai gaishe ni ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Hajiya tana bayan ƙyauren zaure, ashe tana ji. Ta ce, "Baffan yara, ni na san lafiyarsa ƙalau, ni nake zaune da shi. Sau nawa na faɗa? Aka ce ai mace ce, son mijinta take yi."

Ardo ne ya yi magana a ƙarshe. Bai dube ni ba, ƙasa yake tonawa da sandarsa. Ya ce, "Shekarar da ta wuce na sami wata karsana, ƙafarta ta baya ba ta kwanta mini ba. Na koro ta har bakin layin nan don Maigida ya taɓa mini ita. Na tsaya can wajen famfo. Na ce in na shiga na tarar bai gane ni ba, ba zan iya ba. Sai na juya da ita." Sannan ya ce, "Da na shigo."

Wannan shi ne abin da na ɗauke wa Yaya, kuma ba ni da inda zan samo shi in mayar. Abin da ya rage a hannuna roƙo ne. Duk wanda yake gidan kallon nan ranar, da duk wanda ya ji daga bakin wani ya gaya wa wani, don Allah ya koma ya warware. A kara, a rugage, a tasha, a faɗa cewa dillalin nan makaho na Dutse Uku da hankalinsa ya mutu. Bai taɓa faɗin abin da ba a karanta masa ba. Laifinsa guda ne, ya yarda da ƙanensa.

Ƙaryar da ya sani ya yafe mini ita da bakinsa. Ta yatsa bai san da ita ba, ita ce zan tarar tana jirana.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yalwata masa makwanci, ya mayar masa da hasken da ya rasa a nan ninki ba adadi. Allah ya ba iyalinsa haƙurin rashinsa, da haƙurin zama da ni.